Barkono da Makullin Bayan Gida

Ƙarfe tara ba ta yi ba Barkono ta tafasa a karo na biyu. Baba Dalma ya ja da baya, tururi ya taso daga bakin lagireto ya wanke masa fuska, ya bi ta ɓular rufin kwano ya fice. Ya goge gira da tsumma, ya leƙa cikin motar. Allurar zafi ta haye can ƙarshen ja ta kwanta abinta kamar a ɗakin uwarta.

Ya duba agogo. Minti goma sha bakwai ta yi a tsaye da inji a kunne. Zagayen da za ta yi da yamma kuwa minti arba'in ne.

Barkono mota ce ja, mai kujera biyu, ba rufi, ga dogon hanci ga gajeren baya. An ƙera ta tun kafin a haifi yawancin masu tsayawa su ɗauki hoto da ita. Shekara talatin da ɗaya ke nan ba hannun da ya taɓa shiga cikinta sai na Baba Dalma, wanda ya samo sunansa daga dalmar da yake liƙe lagireto da ita. Mai ita na farko wani likita ne, siriri, marar tsoro, wanda in ya hau titi sai kaji su yi ta kansu. A hannunsa ko sau ɗaya ba ta taɓa tafasa ba. Da ya rasu, magada suka sayar wa wani tsohon Darakta, shekara huɗu da suka wuce. Tun daga ranar take fama da zazzaɓi.

Shi Darakta bai sayi motar gudu don ya yi gudu ba. In ya yi gudu, wa zai gan shi? Giya ɗaya ya sani, ta biyu sai in hanya ta gangara. Yana cikin ƙungiyar masu tsofaffin motoci, manyan mutane ne da suka ajiye aiki aikin bai ajiye su ba. Sau ɗaya a shekara sukan jera motocinsu daga ƙofar kulob zuwa babban otal, tafiyar kilomita biyu, a hankali kamar masu neman allurar da ta faɗi, don masu hoto su samu yadda suke so. Bara Barkono ta tafasa daidai gaban masu kyamara. Hoton ya zaga wayoyi: Darakta a tsaye cikin tururi, matarsa na gudu da takalmi a hannu.

Ba abin da Baba Dalma bai yi ba tun lokacin. Ya kwance lagireto ya tsefe shi bututu-bututu. Ya ƙara masa layi. Ya sa fanka ta biyu, ya sa ta uku, har in an kunna motar sai ka ɗauka jirgi ne zai tashi. Daga minti goma sha biyu ta koma goma sha bakwai. Iyakar abin da fanka uku suka saya masa ke nan.

Yana zuba ruwa a hankali sai ga baƙar mota ta tsaya a bakin gareji. Darakta ya fito, cikinsa na gaba shi yana biye. A bayansa Injiniya ne, da farar riga ta likitoci da kwamfuta a hammata. Injiniya a nan garejin ya koyi riƙon sifana, shekara tara yana wanke noti a cikin fetur. Yanzu yana da nasa wurin mai ƙofar gilashi, inda ake ba mai mota shayi kafin a gaya masa abin da zai ɗaga masa hankali.

"Ranka ya daɗe," in ji Baba Dalma.

Darakta ya wuce shi. Ya dubi tabkin ruwan da ke ƙarƙashin motar. "Wannan fa?"

"Gwaji nake yi, yallaɓai."

"Shekara huɗu kana gwaji. Ni da na riƙe ma'aikata mai mutum dubu, ban taɓa gwajin da ya wuce wata uku ba."

"Ai ku in gwaji ya ƙi sai ku kafa kwamiti. Ni kuwa ni kaɗai ne."

Injiniya ya durƙusa rabi. "Baba, barka da aiki." Ya ɗora kwamfutarsa a kan hancin motar ya buɗe. Barkono ba ta da ko rami ɗaya da za a soka wayar kwamfuta, amma ya danna nan ya danna can, ya girgiza kai, Darakta ma ya leƙo ya girgiza nasa.

"Yallaɓai, maganar dai ita ce wadda na faɗa," in ji Injiniya. "Injin nan na ƙasar sanyi ne, kuma ya tsufa. A cire shi, a sa mata ƙaramin inji na zamani. Daga waje ba mai ganewa. Wa yake kallon ciki?"

Baba Dalma ya ji kamar an ce za a yanke masa hannu a sa na roba. Ya san kowane noti a injin nan. Ya san wanda in ka matse shi da yawa yake fushi, ya san wanda likita ya lauye da kansa wata rana a kan hanya.

"In ka cire mata inji, yallaɓai, ai ba Barkono ba ce kuma. Gwangwani ne ja."

"Gwangwanin da ba ya tafasa," in ji Darakta. "Ka saurara, Dalma. Yau bayan zagaye za a zaɓi shugaban ƙungiya, ni da tsohon Alƙali muke takara. Motata ce a gaba. In ta tafasa yau, daga otal za a ja ta zuwa wurin yaron nan, gobe a sauke injin. Kuma kai za ka zauna kusa da ni, da jarkar ruwa. Uwargida ta ce ko da kuɗi ba ta ƙara shiga."

"Allah ya ba da sa'a, ranka ya daɗe."

"Sa'a ba ta cikin tsarina. Ƙarfe uku da rabi."

Suka tafi. Daga ƙofar da ke kusa Mai Faci ya leƙo. Shi da Baba Dalma shekara talatin suna maƙwabtaka suna zagin juna kullum safe. "Dalma, in an sauke injin ka roƙa mini shi. Ina neman abin dafa ruwan wanka."

"Ka fara neman sabulu tukuna."

"Miƙo makullin bayan gida."

Bayan gida ɗaya ne a layin, na masu shago shida, kuma makullinsa a wurin Baba Dalma yake zama don shi ne babba. An ɗaure shi da waya a jikin wani dunƙulen tagulla mai nauyi, don kada wani ya manta da shi a aljihu. Baba Dalma ya zaro shi daga ƙusa ya jefa masa.

Wajen sha ɗaya 'yarsa ta zo. Ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu ciwon zuciya, yau hutunta. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa ba ya kiranta sai da Uwata, ita kuwa ta ɗauki sunan da gaske. Ta ajiye jaka, ta fito da abin awon jini.

"Inna ta ce ka fito ba ka sha magani ba. Kwana nawa ke nan?"

"Uwata, yau ba ranar magani ba ce."

"Hawan jini ba ya duba kalanda. Zauna. Miƙo hannu."

Bencin ya yi ƙasa, tana neman abin da za ta tokare masa gwiwar hannu. Ta hango wani littafi mai kauri a ƙarƙashin gwangwanin giris, ta jawo shi ta karkaɗe. Bangonsa ya sha mai har ya koma kamar fata.

"Wannan na mene ne?"

"Littafin Barkono. Likita ya bar mini. Turanci ne, ni hotunan nake kallo."

Ta ɗaura masa abin awo, ta matsa, ta duba, ta yi tsaki. "Kai da motar nan ban san wanda ya fi wani tafasa ba." Ta ba shi ƙwaya da ruwa, ta ce ya zauna minti goma kada ya motsa. Don ta tsare shi, sai ta zauna ta buɗe littafin tana juyawa. Ya ba ta labarin fanka uku da minti goma sha bakwai da abin da Darakta ya ce. Tana ji tana juya shafi, can sai ta tsaya.

"Baba, ina wannan yake a jikin motar?"

Ya leƙa hoton. "Tamosta ke nan. Babu shi."

"Ya lalace?"

"Na cire shi. Ranar farko da likita ya kawo ta." Ya gyara zama, don an zo fagensa. "Wannan abin na mutanen ƙanƙara ne. Aikinsa ya tare ruwa har inji ya ɗumama. Mu nan me za mu ɗumama? Rana ta gama mana aikin tun kafin mu tashi. Duk motar da ta shigo hannuna, shi nake fara cirewa. Ubangidana haka ya koya mini, ni ma haka na koya wa duk wanda ya bi ta nan. Ki leƙa bayan shago, duro guda ne cike da su."

"Akwai rubutu da manyan baƙaƙe a ƙarƙashinsa."

"Me ya ce?"

"Ya ce kada a kuskura a tuƙa motar nan babu shi."

"Ai dole su ce haka, su suke sayar da shi."

"Tsaya ka ji." Ta ɗora yatsa a kan hoton tana bi. "Ruwa in ya fito daga inji da zafinsa, hanya biyu ce a gabansa. Ga doguwa, ta bi ta lagireto ya sha iska. Ga kuma yanke, 'yar gajeruwa, ta mai da shi cikin inji kai tsaye. Abin nan aiki biyu yake yi. Da sanyi yana rufe doguwar. Da ya ji zafi sai ya buɗe doguwar, wannan zoben na gindinsa kuma ya sauka ya toshe yanken. To in babu shi fa?"

Baba Dalma ya sake leƙa hoton.

"In babu shi, duk hanyoyin biyu a buɗe suke. Kai in aka ba ka doguwar hanya da yanke, wacce za ka bi?"

"Ni ba ruwa ba ne."

"Ruwa ma ba wawa ba ne. Rabinsa bai taɓa ganin lagiretonka ba, Baba. Fanka uku kake yi wa ruwan da ba ya zuwa fifita. A wurinmu ma akwai masu irin wannan, a haifi yaro da 'yar ƙofa a zuciya da ta ƙi rufuwa, jini ya riƙa yanke bai je ya sha iska ba."

"To likita fa? Shekara ashirin da bakwai, ko gumi ba ta yi ba."

"Yaya yake tuƙi?"

Baba Dalma ya tuna. Ya ga likita a idonsa, totur a ƙasa, famfon ruwa na turawa da ƙarfin da ko yanke ya cika dole sauran ya bi doguwar hanya, iska kuma na dukan hancin motar kamar ana mari. Ya ga Darakta a giya ɗaya, hannu ɗaya a sama yana gaida mutanen da ba su san shi ba.

"Shekara arba'in da uku ina wannan aiki," in ji shi. "Ko'ina a garin nan in ka ce lagireto, ni ake nunawa."

"Ban ce a duk motoci haka yake ba. Na ce a wannan."

"Sauran na ƙungiyar ai duk 'yan gida ɗaya ne da ita." Ya shafa gemu. "Kada ki faɗa wa Innarki."

"Ni dai ina abin yake? Yana cikin duron?"

A'a, ba ya cikin duro. Na Barkono daban yake, tagulla ce zalla mai lanƙwasa-lanƙwasa kamar maƙogwaro, ya yi masa kyau a ido har ya ƙi jefa shi cikin sauran. Ya tuna ya ajiye shi. Ya tuna ya yi wani amfani da shi. Ya ɗaga kai a hankali ya dubi ƙusar da ke jikin bango. Ba komai a kanta.

"Mai Faci!" Ya miƙe tsaye. "Ina makullin bayan gida?"

"Na ba mai walda!"

Mai walda ya ce ya ba mai fenti. Mai fenti ya ce wani fasinja ne ya karɓa, yana ciki. Baba Dalma, mai shekara sittin da takwas, ya je ya tsaya a ƙofar bayan gida yana ƙwanƙwasawa kamar mai kai sammaci. Da mutumin ya fito, ya fizge makullin daga hannunsa ya juya, ya bar shi yana cewa, "Baba, ai da ka ce ya matse ka haka da na yi sauri."

Uwata ta sa shi ya wanke abin da sabulu sau uku kafin ta yarda ta kalle shi. Ya kwance wayar, ya kankare dattin shekaru da burushi. Ta karanta masa yadda ake gwadawa: a jefa shi a ruwan zafi a gani. Suka ɗora tukunyar da yake narka dalma a kan risho, suka zuba ruwa, suka saka shi, suka sunkuya a kai su biyu. Mai Faci ya shigo ya sunkuya na uku.

"Me ake dafawa?"

"Kanka."

Ruwa ya fara 'yan ƙwayaye. Ba abin da ya motsa. Baba Dalma ya ƙara sunkuyawa. Abin da ya shekara talatin da ɗaya yana faɗuwa a siminti, ana jefa shi daga shago zuwa shago, me zai saura a cikinsa? Ruwa ya fara kuka. Sai tagullar nan ta yi miƙa, a hankali, kamar tsohon da aka tasa daga barci. Bakinta ya buɗe, zoben ya sauka.

"La ilaha illallahu," in ji Mai Faci. "Makullin bayan gida yana da rai! Mu ko muna ta shiga da shi."

"In ka faɗa wa wani, sai na gaya wa matarka inda kake cin abincin rana."

Noti uku ne a murfin gidan tamosta. Tun ranar da ya rufe su bai ƙara taɓa su ba, na ukun sai da ya sha zafin wuta kafin ya yarda. Ya yanka sabon gasket, abin hana yoyo, daga kwali mai kauri, ya zaunar da abin a mazauninsa, ya shiga daram kamar jiya ya fita. Ya ɗaure, ya cika ruwa, ya kunna. Minti goma sha huɗu aka yi, allura na tsakiya, sai ga direban Darakta ya iso da saƙon a taho yanzu-yanzu, an matso da lokacin hoto.

"Ko sha bakwai ɗin ba mu kai ba," in ji Baba Dalma.

"Je ka," in ji Uwata. "Ka riƙa numfashi."

A ƙofar kulob motoci goma sha ɗaya ne a jere, kowace ta sha goge. Darakta ya sa hular fata da safar hannu da wani ƙyalle a wuya, irin na hotunan da ke jikin kalanda, rana kuwa na dukan kwalta har tana walƙiya. Sai da mutum biyu suka taimaka kafin ya shige bayan sitiyari. Baba Dalma ya zauna a gefe, jarka tsakanin ƙafafu.

"Ka ɗan sunkuya in mun zo wurin masu hoto," in ji Darakta. "Ba don komai ba."

Aka busa usur. Barkono ta ɗaga a giya ɗaya. Wata mai tallar lemo da tire a ka ta wuce su, ta waiwayo ta dube su, ta ci gaba.

Idon Baba Dalma na kan allura. Minti goma, tana tsakiya. Sha biyar, ta ɗan haura kaɗan. Sha bakwai. Ya riƙe marfin jarka. Allura ta yi kamar tana shawara, sai ta dawo da baya ta tsaya. Ya san abin da ya faru a ciki kamar da idonsa ya gani: baki ya buɗe, zobe ya sauka, an rufe wa ruwa yanke.

"Me kake kallo?" in ji Darakta, yana ɗaga wa wasu masu jiran bas hannu. "Ta fara?"

"Ba ta fara ba, yallaɓai."

"To me take jira?"

A minti na talatin suka ji ihu a baya. Motar tsohon Alƙali ce, koriya, ta uku a layi, ta yi tsaye tana fitar da tururi kamar an buɗe tukunya. Can baya wata ma ta bi sahu. Darakta ya gani a madubi, ya ƙara rage tafiya don ya gani da kyau.

"Allah sarki," in ji shi, bakinsa har kunne. "Mutumin kirki. Sunkuya, ga masu hoto."

Baba Dalma ya sunkuya. Daga ƙasa, kansa kusa da giya, ya ci gaba da kallon allura. Ko motsi ba ta yi ba har suka shiga harabar otal.

Zaɓe bai ɗauki minti biyar ba. Wa zai zaɓi mutumin da ya iso a motar haya, wandonsa jiƙe? Darakta, sabon shugaba, ya fito ya sa aka ɗaga murfin injin Barkono, manya suka kewaye ta suna leƙe, hannu a baya, kamar masu duba jariri. Tsohon Alƙali ma ya zo, yana goge tabarau.

"Malam Dalma, ka faɗa mana gaskiya tsakaninka da Allah. Me ka yi mata?"

Baba Dalma ya ajiye jarka. Tun a hanya yake juya maganar. Zai ce, ranku ya daɗe, kuskurena ne, na shekara talatin da ɗaya. Ya buɗe baki ke nan sai Injiniya ya kutso, ya sunkuya a kan injin. Yaron yana da ido, wannan ba a raba shi da shi. Ya ga noti uku masu sabon tabon sifana, ya ga gefen sabon kwali. Ya miƙe yana tafa hannu.

"Na gano! Wallahi Baba, kai ne Baba. Yallaɓai, kun ga nan? Gidan tamosta ne, yau aka buɗe shi. Ashe duk shekarun nan yana ciki! Cire shi ya yi. Abin da ya fara koya mana ke nan tun muna yara: wannan na mutanen ƙanƙara ne. Ni na ɗauka an daɗe da cirewa, shi ya sa kwamfuta ba ta nuna ba."

"Ka ji!" in ji Darakta. "Abin da na daɗe ina zargi ke nan. Na sha gaya masa akwai wani abu a ciki da bai dace da yanayinmu ba." Ya juya ga jama'a, muryar shugabanci ta riga ta zo masa. "Wannan shi ne ilmin gida. Ba sai mun jira wani daga waje ya gaya mana yadda za mu yi da motocinmu ba. Umarnina na farko: duk motar da ke cikin ƙungiyar nan a kai wa Dalma ya cire mata abin nan. Injin Barkono kuwa, ba mai taɓa shi."

Aka yi tafi. Wani ya dafa kafaɗar Baba Dalma, wani ya ce a ɗauke shi hoto, a tsaye wannan karon.

Ya dubi motocin da ke jere, ya haɗa da biyun da suka tsaya a hanya. Goma. Ya san su duka. Koriyar Alƙali shekara goma sha tara da suka wuce ya cire nata, ranar ana ruwan sama. Shuɗiyar can, shi. Farar can, wani yaronsa ne, a gabansa. Babu ko ɗaya a cikinsu da ta rage da abin da za a cire. Ya dubi Injiniya, da ke murmushin ɗalibin da ya ci jarrabawa. Ya dubi Barkono, injinta na ƙyas-ƙyas yana hucewa a hankali.

"To, Malam Dalma?" in ji tsohon Alƙali. "Yaushe zan kawo?"

"Litinin, ranka ya daɗe. Amma ɗaya bayan ɗaya. Kuma aikin ba a yin sa a gaban mai mota."

"Sirrin sana'a," in ji Darakta, yana kashe wa jama'a ido.

Rana ba ta faɗi ba ya koma gareji. Uwata na nan zaune a benci, littafin a cinya. Ta dubi fuskarsa, ta dubi jarkar da ke cike har wuya, ta yi ajiyar zuciya.

"Ka gaya musu?"

"Sun riga ni."

Ya zaga bayan shago, ya kama bakin duron nan ya tura. Ya kife da ƙara, tamosta na shekara arba'in da uku suka watsu a ƙasa, manya da ƙanana, masu tsatsa da masu ƙyalli. Ya jawo kujera ya zauna a gabansu, ya ɗora tukunya a risho.

"Uwata, kawo littafin nan. Masu zobe a gindi muke nema. Guda goma."

Mai Faci ya leƙo yana taka rawar matsuwa. "Dalma, makulli! Tun da ka raba shi da ƙarfensa ba wanda ya san inda yake. Mai walda ya ce ko ya tafi gida da shi a aljihu. Ba ka da wani ƙarfen banza a nan da za a ɗaura masa in an samo?"

Baba Dalma ya dubi tarin da ke gabansa. Ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya hura masa ƙura, ya ajiye a gefe a hankali.

"Babu," in ji shi. "Nemi dutse."